Ƙullun Zekiye

A Giresun, inda tsauni ke tsoma ƙafa cikin Bahar Aswad,
Zekiye ta gina tanda da duwatsun rafi
shekarar da ruwa ya ci mijinta da kwalekwalensa.
Ni ne yaron da ke faskara mata itace.

Kafin ladan ya yi gyaran murya
masunta sun jeru, hannuwa na ƙarnin kifi.
Wanda komarsa ta fito wayam,
sai ta ja masa alli a bango.
Daren sallah ta goge da tsumma, ba ta ce uffan ba.

Ɗanta Hamdi ya buɗe na biyu a Ordu.
Ya ɗebi tsamin ƙullu a tulu, ya lulluɓe da rigar sanyinsa
kamar mai kai jinjiri gidan kaka.
Sai Samsun. Sai Rize.
Yau rassa talatin da ɗaya,
da motoci masu hoton fuskarta
tana wani murmushi da ban san ta da shi ba.

Jiya jikarta ta ɗago daga lissafi,
ta tambaye ni ko ɗanɗanon ya canza.
Na gutsura, na tauna da sauran haƙorana huɗu.
Na ce, gishiri daidai, 'yata.
Allin ne ban gani ba.