Yatsu Huɗu

Sau uku a damina ɗaya
cikin kat-kat ɗina ya kwanta a kan rairayi
tsakanin Sabon Mashi da Kornaka,
tayoyi suna juyawa a banza
kamar buzuzun da yara suka kifar.
Na ƙarshen, shanun wani manomi suka jawo ni.
Bai karɓi ko dala ba,
dariyar da ya yi ta ishe shi.

Na je kantin sababbin kaya in ji farashi.
Yaron ya nuna mini a waya:
amortisa masu launin ƙwaiduwa,
ƙarafa na ƙyalli kamar ba za su taɓa ƙasa ba,
jika ɗari bakwai, ban da kuɗin aiki.
Na ce masa zan dawo.
Shi ma ya san ba zan dawo ba.

Jika sittin da biyar ke aljihuna,
kuɗin wake da na akuya guda.

Garejin Nomau ba shi da ƙofa,
inuwar dogon yaro ce da tulin baƙin mai.
Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta,
ya daɗe har shayina ya huce,
ya fito da ƙasa a gemu.
"Wannan ba gajarta ba ce, gajiya ce.
Shekara ashirin tana dakon hatsi,
kai ma da ka ranƙwafa.
Tashi mu tafi wurin matattu."

A maƙabartar motoci muka sami lam,
na wata da ta kife a hanyar Ɗan Isa,
tsatsa a waje, ciki lafiya lau.
Mun yi ciniki har aka kira la'asar.
Maƙeri ya aza su bisa guntun ƙarfe,
guduma ta sauka, ta sauka,
har kowane ya tuna lanƙwasarsa ta ƙuruciya.

Bulon kaɗai Nomau ya hana a sayi tsoho.
"Komai ka yi wa rowa, ban da wannan.
Nan ran fasinjanka yake rataye."
Ya ƙara wa tiyon birki tsawo,
Tasi'u ɗan koyo yana riƙe da tocila a baki,
sauro na cin rabonsu.

Da aka sauke jak, sai ta tsaya.
Nomau ya sa hannu tsakanin taya da jiki:
yatsu huɗu.
Nasa yatsun, masu kauri.
"Ban da gudu a kwana," in ji shi,
"raƙumi ba ya rawar zomo."

Na shigo Bagalam ina kallon saman katangu.
Na ga abin da maƙwabta suka shanya.

Ran Talata Inna ta fito,
ranar da nake kai ta duba gwiwa.
Ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa,
ƙafar ta tsaya a iska
tana laluben wurin da ta saba.
Ta mayar da ita ƙasa, ta dube ni.
"Ka tsere wa rairayi, Hashimu,
ka haɗa har da ni."

Turmi muka kife mata ran nan,
unguwa na kallo.

Jika biyu suka rage.
Na koma inuwar dogon yaro.
Nomau bai ce komai ba,
ya tono guntun lam da ya saura,
ya sa baƙin tabarau, wuta ta yi tartsatsi,
matakala ta fito, karkatacciya kaɗan.

Ta ƙwanƙwasa ta da sanda sau biyu
kafin ta ba ta amana.

Makon jiya muka tafi suna a Kornaka.
Da muka iso wurin nan na rage gudu,
na ji rairayin yana wucewa ƙarƙashinmu
bai taɓa komai ba.
Na juya in nuna mata.
Ta yi barci,
goro a kumatu,
takalminta ɗaya a hannu.