Baƙar Ɗamara

Inna ta ce, "Barau, faci bai ishe ka ba?
Yini kana kokawa da tayar tirela a Farin Gada,
da asuba kuma ka kwashi 'ya'yan mutane
kana koya musu ihu da shurin iska.
Nawa suke biyanka?"
Na ce, "Ɗari biyu, wanda ya samu."
Ta ce, "Allah ya shirya," ta ci gaba da tankaɗe.

Ban ba ki amsa ba ranar.
Ga ta, Inna, ko da ta makara.

Ina ɗan sha ɗaya, a bayan Kwararafa,
yara uku suka tare ni da farantin awara.
Ba dukan ne ya zauna mini a rai ba,
tsayuwar da na yi ce, hannu a sake
kamar an dasa ni,
ina kallon yaji yana bin ƙasa.
Na dawo na ce miki tuntuɓe na yi.
Kin gane, kin yi shiru, kin biya kuɗin waken.

Sai na je wa Masta Davou da wuta a ciki,
ina son hannun da zai zubar da haƙori.
Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo tsintsiya.
Wata biyu ina sharar siminti
a tsohon siton kamfanin kuza,
sanyin Jos yana cizon tafin ƙafa,
kafin ya koya mini darasin farko:
yadda ake faɗuwa.
Ba naushi ba, Inna. Faɗuwa.
Kare ƙeya, saki numfashi, tashi.
Ya ce, "Wanda ya san daɗin ƙasa
ba ya gaggawar kai wani."

Shekarar da gari ya rabe biyu,
kowa ya san titin da ba ya tsallakawa,
aka garƙame siton.
Na ga abokan ƙwallona sun ɗauki gora,
na ji tafina yana ƙaiƙayi.
Ba tsoro ne ya riƙe ni ba.
Na san nauyin hannuna,
na san wanda ya ɗora masa nauyin,
na san unguwar da yake kwana.

Da hankali ya kwanta ya aiko a kira ni.
Gwiwa ta ci shi, yana dogara sanda.
Ya miƙo ɗamararsa, baƙin ya koɗe ya koma toka,
ya ce, "Ni na gaji. Yaran ba su gaji ba."
Iyakar takardar da aka ba ni ke nan.

Yanzu su sha tara ne a filin firamare.
Akwai Nanret da ba ta iya haɗa ido da kowa,
jiya ta yi kururuwar da ta tashi tantabaru daga rufi.
Akwai Zubairu mai zuciya a kusa,
shi na ba tsintsiya.
Akwai ƙaramin da ke zuwa da wandon makaranta
don babu kuɗin fararen kaya,
amma ƙafarsa ta fi ta kowa saiti.
In zan haɗa su biyu-biyu
tsawo nake dubawa, ba sunan uba ba.
Su gaisa, su gwabza, su sake gaisawa,
wanda ya kayar shi zai miƙa hannu.

Ban ce zan gyara Jos ba.
Taya ma sai na tsoma ta a ruwa
nake gane inda take yoyo.
Kofi ɗaya muka taɓa ciyowa,
a ciki nake tara bawul.

Amma akwai yaro a bayan Kwararafa,
har yau yana tsaye, faranti a ƙasa.
Shi nake zuwa taɓa wa kafaɗa kullum asuba,
in ce, "Motsa."

Gobe ki tashe ni in kin fito alwala.
Zubairu ya kusa gama shara,
ranar Asabar zan koya masa faɗuwa.