Baƙin da Ba Sa Sallama

Ni ne mai kwana da akwatin.
A Bajarawiya, gindin wata dala da aka sare wa kai,
Dakta Awadiya ta yi masa gurbi,
ta ce: Kada rairayi ya shiga, kada batir ya mutu,
sauran aikin na sama ne.

Faranti biyu ne baƙaƙe, ɗaya bisa ɗaya,
da 'yar fitila mai ƙifta ido.
Ƙyal. Shiru. Ƙyal-ƙyal.
Na ce, wa ke ƙwanƙwasawa?
Ta ce, baƙi ne, ba sa sallama.
Buɗe tafin hannunka. Na buɗe.
Kafin ka ce "ɗaya", ɗaya ya ratsa ka ya wuce,
bai nemi ko ruwan sha ba.
Dutse ne ke rage musu yawa.
Inda suka fito a yalwace, akwai ɗaki cikin dalar,
inda suka ƙaranta, dutse ne cunkus.
Haka za mu leƙa cikinta ba mu ɗaga guduma ba.

Na ce, daga ina suke?
Sai da ta ɗora butar gahawa kan garwashi.
Ta ce, wani tauraro ne ya fashe tun ba a fara ƙirga shekaru ba,
ya harbo ƙwaya guda.
Ta yi ta tafiya, ba zango, ba rijiya,
har ta iso bakin duniya,
ta yi karo da iska can sama, ta tarwatse.
Ita dai ba ta sauka ba.
Waɗannan jikokinta ne. Muwon sunansu.

Na yi shiru, gahawa ta huce a hannuna.

Kakana Jatau ya bar Jama'are da allura da salka,
da Tasalla a bayansa, niyyarsa Makka.
Ya yi damina biyu yana noman wani,
ya ɗinka huluna a Abeshe ya sayi jaki,
jakin ya mutu.
A Jinena zazzaɓi ya kwantar da shi
gindin aduwa, fuska gabas.
Tasalla ce ta ƙarasa Mai Wurno da ciki wata bakwai,
ƙafafunta kamar tsohon kirgi.

Wani dare Dakta ta ƙara mini:
Ran muwon bai kai ƙiftawar ido ba, ko kusa.
A lissafin kasuwa, bai kamata ya taɓa ƙasa ba.
Amma mai gudu kusa da gudun haske
agogonsa jan ƙafa yake.
Ban gane lissafin ba.
Na dai san Tasalla, har ta tsufa ta makance,
tana tambayar nawa ake sayar da tiyar gero a Jama'are,
tana aika gaisuwa ga yayarta
wadda ƙasa ta daɗe da cinyewa.
Shekara sittin a nan, a wurinta jiya ne.

Wata biyar muna ƙirga.
Iska ta binne akwatin sau uku, na tone shi da kwanon cin abincina.
Kunama ta haihu ƙarƙashin batir.
Ran da hoton ya fito, toka-toka ne, kamar bayan tukunya.
Dakta ta daɗe tana kallo,
ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.
Babu ɗaki, in ji ta. Dutse ne har zuciya.
Ta rubuta hakan ma, da kyakkyawan rubutu.

Gobe mota za ta zo daga Shandi ta ɗauke faranti biyun.
Na riga na naɗe wayoyi.
Fitilar ta daina ƙifta ido,
amma ai ba ita ke kawo su ba.
Na kwanta rigingine kan rairayi mai sauran ɗumi,
na shimfiɗa hannu.
Ban ji komai ba.
Na ce, sannunku da hanya,
da Hausar da ta rage a bakina.