Taku Bakwai

Rumfata ta kwano ce, an shafe ta da launin kamfani,
taku bakwai daga rumfar babana Barmu.
Ni abin da ba a gani nake sayarwa:
kati, minti, kuɗin da ke tafiya ta iska.
Shi kuwa hannunsa warin bagaruwa yake,
shekara arba'in yana huda fata da basilla
har babban yatsansa ya yi kanta kamar ƙahon rago.

Fatar jar akuyar garinmu
ba ta kwana a Maradi yanzu.
Tun tana ɗanya, da gishiri a jikinta,
yaran Alhaji Nayusa ke bin mahauta gida-gida,
su biya tun kafin a yanka.
Tirela ta cika, ta nufi Ɗan Isa,
daga can Allah kaɗai ya san teku nawa.
Abin da ke rage wa baba: mai huji, mai tabon ƙaya,
wadda wuƙa ta ci amanarta wajen fiɗa.

Motar da ta tafi ba ta dawowa wayam.
Takalman roba take saukewa dila-dila,
jikka guda ƙafa biyu.
Baba ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya shinshina,
ya ce, "Wannan ba shi da uwa."
Amma mai garuwar da ke kawo mana ruwa shi yake sawa,
kuma ban ga laifinsa ba.
Laka ba ta cin roba,
jikka shida kuwa hatsin mako ne.

Da azahar layi yakan kai bakin kwata.
Wata tsohuwa daga Tibiri,
lamba rubuce a bayan kwalin sukari,
ɗanta yana arewa wajen haƙar zinari,
ya aiko da jikka goma.
Na latsa, na ƙirga mata tara da 'yan kai.
Ta ce, ina sauran?
Na ce, na kamfani ne, iya.
Ta ce, "A wace unguwa yake?
Da can Sanda direba ke kawo mini saƙo,
ya ci tuwona, ya gaya mini ko yaron ya rame.
Wannan naka, ya ga yaron?"
Na duƙar da kai, na kira na bayanta.

Ranar da rezo ya ɗauke
kasuwa kan yi tsit kamar gidan makoki.
'Yan kabu-kabu na ɗaga waya sama
kamar masu roƙon ruwa.
A irin ranar ce kawai nake jin gudumar baba,
ƙwas, ƙwas,
bai san an ɗauke komai ba.

Tsahara ƙanwata ce ta ɗauki hoton jakar da ya ɗinka,
ta sa a waya ba da saninsa ba.
Wata mata a Yamai ta ce biyu take so.
Kuɗin ya biyo ta rumfata.
Na daɗe ina kallon allon,
sannan na cire na kamfani, yadda nake cire wa kowa,
a ciki har da ladana.
Na yi takun nan bakwai, na miƙa masa.
Ya ƙirga da yatsan nan mai kanta,
ya ƙirga kuma.
Bai tambaye ni sauran ba.

Da safe na tarar da wani abu a kan tebur:
kube, ja wur, ɗinki ƙanana kamar haƙoran ɓera.
Bai taɓa riƙe wayata ba, da ido ya auna ta.
Daga fatar da Alhaji ya ƙi saye ya yanko,
mai hujin nan,
ya juya ta, ya juya ta,
har hujin ya faɗa daidai idon kyamara.

Na leƙa in yi godiya.
Yana wasa wuƙa a dutse, bai ɗago ba.
Ya ce, "Ana jiran ka. Ga layi can."