Gwangwanin Kawu Sallau

A Tudun Wada, gidan da ƙofarsa ke kuka in an tura,
nan Kawu Sallau ya jingine tsaninsa.
Shekara ashirin da bakwai yana hawan falwaya,
yana ƙulla muryar Kaduna da ta Ikko.
Yakan ce mini, "Hajjo, na san abin da waya ke ji,
da hannuna na sha gyara mata kunne."

Da an sallame magariba sai ya kashe salularsa,
ya naɗe ta a tsumma,
ya tura ta gwangwanin madara,
ya danne murfi da tafin hannu har ya ce ƙwas.
"Yawwa. Yanzu a yi hira."

Mu kuwa dariya muke a bayan labule.
Luka mai walda ya ce tsufa ne.
Iya Bose mai gwanjo ta ce ko bashi ake bin sa?
Shi ko a jikinsa.
Ya ce da can bango ne ke da kunne,
yau kunnen ya sauko ya shige aljihu,
kai ke masa caji,
kai ke saya masa data ya kai gulmarka.
Ka yi zancen takalmi da hantsi,
kafin la'asar takalmi na leƙenka ta gilashi.
Ka hau keke daga Kawo zuwa Kakuri,
kowane ƙarfen sabis na rubutawa:
ya wuce, ya wuce, ya tsaya sayen rake.

Ƙarƙashin gado akwai adaka,
cikinta kwali, cikin kwali rediyo,
tocila, da wata tsohuwar waya mai maɓallai
inda muryar marigayiya Inna ke kwance.
Ya ce wata rana sama za ta yi tari guda,
ba hadari, ba yayyafi,
ko daga rana, ko daga hannun ɗan Adam,
duk abin da ke tunani da lantarki
ya wayi gari ya mance sunansa,
sai wanda ƙarfe ya rufe ruf, ba kafar allura.

Daminar bara, cikin Agusta,
tsawa ta sauka kan taransifomar bakin layi.
Talabijin tara suka mutu a dare ɗaya,
firjin Iya Bose ya yi warin ƙonannen gashi,
Luka ya riƙe cazarsa kamar gawar ɓera.
Kawu ya ja adaka, ya murɗa rediyo,
ga murya tangaran cikin duhu.
Layi kaf ya taru a zaurenmu,
har masu dariyar, da tabarminsu.
Bai ce na faɗa muku ba.
Cewa ya yi, "Wannan ai ƙanwarta ce."

Da asuba ya buɗe gwangwani.
Wayar ta farka ta yi ta rawa a tafinsa:
an neme ka sau goma sha ɗaya.
Lambar Kafanchan ce, asibiti,
Yaya Delu ce ta ce a kira mata shi.
Kira na ƙarshe ƙarfe uku da kwata.

Ya daɗe yana kallon murfin.
Shayinsa ya huce, ƙuda ya faɗa ciki.
Can ya ce, a hankali,
"Ƙarfe bai san ɗan'uwa ba,
bai san ɗan leƙen asiri ba."

Yanzu gwangwanin yana hannuna,
da tsatsa a gindi, da shatin yatsunsa.
Wani daren nakan sa wayata ciki,
in ɗora murfi, ba na dannewa.
Na sani, shi ya koya mini,
murfi a karkace ba ya tsare komai.
Haka nake kwana,
kunne ɗaya ga masu saurare,
ɗaya ga wanda zai kira.