Kilomita Goma Sha Ɗaya

Ni ne Ermete, bakanike a bayan tashar jirgin Modena.
Shekara hamsin da biyu ke nan
baƙin mai yana kwana ƙarƙashin farcena.

Akwai wata ja a ƙuryar garejina,
lulluɓe da mayafi kamar mai zazzaɓi.
Kujera biyu gare ta, matakai uku a ƙasa,
da sandar giya mai kan katako
da tafin hannun wani ya goge har ya yi sheƙi.
Ɗari huɗu aka ƙera irinta, in ji takardunta.
Tsatsa ta ci rabonta, kwanar dutse ta ci nata,
wasu sun haye teku cikin kwantena, ko waiwaye babu.
Waɗanda suka rage yau,
yatsun mutum biyu sun isa ƙirga su.

Ina sabon shiga wannan sana'a
wani likitan haƙori ya sayar da irinta don gyaran rufin gida,
kuɗin bai kai ga tagogi ba.
Yanzu farashinta ya haɗiye gidan da rufin
har da gonar inabin da ke baya.

Mai ita, Gualtiero, yana can Milano.
Sau biyu ya leƙo ta cikin shekara tara,
bai taɓa murza makulli ba.
Ya ce, Ermete, kowace kilomita kuɗi ne ke tsiyaya ƙasa.
Na ce to.
Ni ke juya tayoyinta kada su kwanta gefe guda,
ni ke sauya mata man da ba ta ƙona ba.

Gobe gwanjo.
Masu kwat za su ɗaga 'yan allunansu,
wasu ta waya daga Geneva, ba a ko ganin fuskarsu.
Za su tambayi lambar inji, su shinshina fatar kujera.
Babu mai tambayar yadda take kuka a giya ta uku.

Daren nan jikata Nives ta kawo mini miya a kwano.
Shekararta sha tara,
motarta ita ke sauya wa kanta giya.
Ta ɗaga mayafin, ta sunkuya, ta ce,
Kaka, wannan mataki na uku, na mene ne?

Na ajiye cokali.

Sau uku inji ya mutu a hannunta
tun ba mu wuce ƙofa ba.
Na ce, saki ƙafar hagu a hankali,
kamar mai zare hannu daga ƙarƙashin jariri mai barci.
Sai motar ta yi tari, ta girgiza kafaɗa,
ta tuna sunanta.

Muka bi hanyar gonaki, raɓa na sauka kan gilas.
Daga ta ɗaya zuwa ta biyu ta goce,
haƙoran ƙarfe suka yi ƙara har cikin ƙirjina.
Na yi shiru.
A ta uku hannunta ya faɗa daidai,
salansa ta buɗe maƙogwaro,
karnukan ƙauye suka amsa,
yarinyar ta yi wata dariya da rabona da ji
tun kakarta tana raye.

Mun dawo ƙararrawar coci na buga ɗaya.
Na haska mita da tocila:
goma sha ɗaya sun hau kan tsohon lissafi.
Gobe mai farar safar hannu zai gani, ya ɗaga gira.
Zan kira Gualtiero da kaina,
ya cire daga ladan aikina,
in bai isa ba ya haɗa da akwatin sifanuna.

Inji na ta 'yan ƙas-ƙas yana hucewa.
Nives ta zauna kan tsohuwar taya, miyar ta yi sanyi.
Ba ta san ina kallonta ba.
Hannunta na dama yana kan gwiwa,
yana ta tafiya shi kaɗai:
gaba, baya, gefe, gaba.