Asabar a Agege, Kafin Ruwa Ya Sauko

Tun jiya hadari ya taso daga gefen teku,
bai zuba ba, kashedi kawai ya yi.
A Ikko bazara ba ta da dogon zama,
Maris na ƙarewa kwata ke fara gunaguni.

Sallau, ajiye wayar nan ka fito.
Kwananka tara a garin nan,
ba ka gaisa da bayan gida ba tukuna.
Ciyawa ta kai gwiwa,
busasshen ganyen ayaba ya toshe magudana,
reshen mangwaro na goga kai a kwano duk dare.

Tsaya. Ba da silifas ba.
Ga takalmin roba can bayan janareto,
kife shi, ka bubbuga da ƙasa.
Kunama ba ta biyan kuɗin haya,
amma tana son ɗaki mai duhu.

Dubi tafin ƙafata. Wannan tabon
aikin ƙusa ne mai tsatsa, yau shekara shida.
Tana cikin katako, baki sama, tana jirana.
Na ɗaure da tsumma, na ce ba komai.
Kwana uku sai ga ni a asibiti,
nas na tsira mini allura, tana faɗa da Yarabanci.
Ban ji kalma ɗaya ba,
amma na gane duka.

Kada ka cusa hannu inda ido bai riga shiga ba.
Bari sanda ta fara yi wa ciyawa sallama,
in da mai gida a ciki, ya sulale abinsa.
Adda kuwa, sara nesa da ƙwaurinka,
ka waiga kafin ka ɗaga:
yara ba sa gyaran murya in sun tsaya bayan mutum.

Kwata ba ta da amana.
Fasasshiyar kwalba, reza, bakin gwangwanin tumatir,
duk suna kwance a ƙarƙashin baƙin ruwa.
Sa safar hannu. Ɗauki shebur.

Tsanin nan na Baba Adisa ne,
matakinsa na uku yana rawa,
ba mai hawa sai wani ya riƙe.
Reshen da ya jingina da waya kuwa, ƙyale shi.
Kar ka ce ai tun asuba suka ɗauke wuta.
Wutar Ikko ba ta aiko ɗan aike kafin ta dawo.
Za mu kira masu aikin, su zo da kayansu,
gara aljihu ya yi kuka da gida ya yi.

Shara ba za mu ƙona ba.
Jarkar fetur na lungu, gida na manne da gida,
iskar nan kuma ba ta san katangar kowa ba.
Zuba a buhu, Litinin mota za ta zo.

Ina tsaka da wannan wa'azi, hannu a ƙugu,
sai Hansatu, 'yar shekara biyar, ta ja gefen rigata:
"Baba, kai ina naka takalmin?"

Na dubi ƙasa.
Silifas. Ɗaya ma da ƙusa aka ɗaure shi.

Sallau ya juya wa ciyawa fuska, kafaɗunsa na rawa.
Na wuce ɗaki ban ce uffan ba.
Ina sunkuye ina lalube ƙarƙashin gado
ɗigon farko ya bugi kwano.